Tagwayen Kile na Ɗan Baba

Illo bai yi nisa cikin barci ba ya ji ƙarar. Ba kukan kwaɗin tafki ba ne, waɗannan ya saba da su tun yana goye, ba kuma ɓera ba ne a rumbu. Wani abu ne kamar ana jan carbi na ƙarfe, a ja a tsaya: ƙar, ƙar, ƙar, sai shiru, sai kuma ƙwas. A Madarunfa, inda kowa ya tashi da labarin waliyyan da ke kwance kewaye da tafki, mutum ba ya gaggawar leƙa abin da ya ji da dare. Illo ya nemi tsari, ya kunna fitilar salularsa, ya nufi zaure ba takalmi.

Inna ce, mahaifiyarsa, durƙushe a gindin babur ɗin da yake kabu-kabu da shi. Babur na tsaye bisa ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya a sama, ita kuwa tana juya tayar da hannu, ta karkata kai kamar ungozoma mai sauraron ciki.

"Inna, lafiya? Mi kike nema nan cikin duhu?"

"Mai ido ke da duhu. Kashe wannan abu ka saurara."

Yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, amma kunnenta na nan daram. Ta sake juya tayar. Sarƙa ta bi, tana ja tana saki, sannan ta hau bisa haƙori ta faɗo: ƙwas.

"Ka ji ko? Sarƙar nan ta mutu, Illo, wanka ne kawai ba a yi mata ba. Tun daga bakin tasha nake jin ka in kana tahowa. Ba za ta kai ni bayan Gabi ba."

Nan ya gane inda ta dosa. Da la'asar aka bugo daga ƙauyensu, can bayan Gabi, cewa Kawu Isma'ila, wan Inna, ya kwanta, kuma kwanciyar ba irin ta kullum ba ce. Da aka faɗa mata, sai ta ci gaba da tsinkar zogale. Ita da Isma'ila rabon su da magana tun Illo bai yi kaciya ba. Bisa wata tsamiya ce da ke iyakar gonar ubansu, wadda kowannensu ya ce cikin rabonsa ta faɗo. Tsamiyar ma tsawa ta daɗe da kayar da ita, mata sun ƙone itacenta, amma maganar da Inna ta faɗa masa a gindinta tana nan tsaye.

"Gafararsa nake so in nema tun yana ji," in ji ta. "Kuma kai za ka kai ni."

Damina ta yi tsakiya, gulbi ya kawo, mota ba ta shiga ƙauyen. Inna kuwa ba ta iya riƙe kanta bisa babur, sai an ɗaure ta da zane a bayan mai tuƙi, kuma ta riga ta ce ba a ɗaure ta a bayan ɗan wata. Ga shi hanyar ba a bin ta bayan la'asar a wannan zamani, saboda 'yan fashi. Mai tafiya da hantsi yake tafiya.

"Da safe in sayo sabuwa in sa," in ji Illo. "Kafin azahar muna can."

"Da wane kile?" in ji Inna. Ta dafa bango ta miƙe, ta lalubi hanyar ɗakinta.

Tambayar tana da tushe. Mahaifin Illo, Ɗan Baba, makanike ne da ya kafa rumfa a bakin tasha tun ana yayin kekuna. Yana da akwatin ƙarfe kore, kuma duk abin da ke ciki da sunansa. Guduma ita ce Magajiya, don ba ta shawara da kowa. Awartaki shi ne Kaska, don abin da ya kama ba ya saki. Akwai kuma kile biyu na kwance noti, babba da ƙarami, waɗanda yake kira Tagwaye, domin ƙarfen da ya ratsa tsakiyar tayar baya ba ya kwantuwa da ɗaya. Sai ƙaramin ya riƙe kan ƙarfen ta wannan gefe, babban ya murɗe noti ta wancan. In ba a riƙe ba, a wuni ana juyi, ƙarfe da noti suna ta tafiya tare kamar jaki da kayansa.

Da Ɗan Baba ya rasu, Illo ya so a bar akwatin a haɗe, a hannunsa, tun da shi ne babba. Ƙanensa Zakari ya ce ai hannun babba rijiya ne, abin da ya faɗa ba ya fitowa. Malamin da ya zo rabo ya ce to a sayar a huta, suka ƙi su biyun, kuma wannan ne karo na ƙarshe da bakinsu ya zo ɗaya. Sai aka shimfiɗa buhu a tsakar gida, aka zazzage akwatin, ana ɗauka bi da bi kamar naman watanda. Illo ya fara, ya ɗauki babban kile. Zakari ya dube shi, ya miƙa hannu ya tsallake duk abin da ya fi daraja, ya ɗauki ƙaramin. Illo ya ɗauki guduma, Zakari ya ɗauki tsinken ƙarfen da ake doka wa gudumar a fitar da ƙusar sarƙa, daga baya ya haɗa da magagari. Ba mai duba abin da zai amfane shi, kowa abin da zai gurgunta ɗan'uwansa yake dubawa. Ƙanwarsu Tani, mai rabin rabo, awartaki ne ya faɗo mata, da shi take sauke kaskon suyar kifi har yau. Akwatin da kansa aka rasa yadda za a yi da shi, sai kaza ta shiga ta yi ƙwai, aka bar mata.

Bayan sadakar arba'in Zakari ya ja katanga ta raba gidan biyu, ya fasa tasa ƙofar kusa da ta Illo, ya koma gyaran injin ban ruwa na masu lambu. Inna ta faɗo ɓangaren Illo, kamar ita ma bisa buhun aka ɗauke ta. Tun daga nan, ko sahun salla ne ya haɗa su, sai ɗaya ya jawo wani ya sa tsakani. Duk gyaran da ya fi ƙarfin rabin akwati kuwa, Illo kan kai wa Salim, wanda ya koyi aiki hannun Ɗan Baba, ya kuma gaji rumfar.

Don haka gari na wayewa ya tura babur zuwa tasha. Salim, wanda yanzu shi ma furfura ta kama masa gemu, ya ɗauko sabuwar sarƙa cikin kwalinta, tana sheƙi da mai, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Sarƙa dai ga ta, mai kyau ce. Amma sawa, ka yi haƙuri, Yaya Illo."

"Hannunka ya karye?"

"Inna ta aiko tun da asuba. Ta ce tuwon da na ci a gidanku, in na taɓa babur ɗin nan, ko na ara maka ko da allura, ba ta yafe ba."

"Ka san inda za ni da ita? Mutum ne kwance, rai ga Allah."

"Na sani. Ita ma ta sani. Ta ce in gaya maka kayan aiki suna gidanku, ba abin da ya ɓace."

Illo ya juya ya dubi sauran makanikan layin. Duk daga hannun Salim suka fito, kuma duk a lokaci guda suka ga wani abu mai muhimmanci cikin injunan da ke gabansu.

Ya turo babur ya dawo unguwa, gumi na bin ƙeyarsa. Maƙwabcinsu Malam Habila, tsohon ma'aikacin gandun daji, yana ƙofar gida yana wasa fartanya. Yana da nasa babur na zuwa coci da lambu, da 'yan kayan gyara naɗe cikin tsohuwar safa.

"Malam Habila, ara mini ƙaramin kile, yanzu in maido."

Habila ya yi dariya har ya ajiye dutsen wasa.

"Illo, ni ba na ƙarya ko da ba ranar Lahadi ba. Kile yana nan, amma ba na ba ka. Tsohuwa da kanta ta zo tana laluben bango. Mun gaji, ka ji? Gida ɗaya, in an yi suna mu kai barka ƙofa biyu, in an yi Salla ku aiko mana nama kwano biyu, kowa na tambaya na wa ya fi daɗi. Ga ƙofar ƙanenka nan, ko tofi ka yi ya kai. Wannan karon mun kama ku."

Illo ya tura babur ya wuce. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda kowa ke murmushi, kamar wasan yara aka shirya.

Ya shiga zaure ya tuɓe riga. Ya sa babban kile ya murɗa, ƙarfe ya bi noti suka juya tare. Ya cusa dutse ya danne, dutse ya fashe. Ya naɗa waya, ta tsinke. Ya kafa ƙusa bisa kan ƙarfen ya doka da guduma, ƙusa ta zame ta yanke masa bayan hannu. Kafin azahar ya tauna gefen notin, bai motsa shi ba. Ya yi tunanin ya hau mota zuwa Maraɗi ya sayo kile ya huta, amma ya san Inna: za ta ce a ba ta ta shafa, ta ji ba na Ɗan Baba ba ne, ta kwance ƙunshin tafiyarta.

Da ya leƙa waje shan iska sai ga Zakari zaune a tasa ƙofar. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera ƙaramin kile da tsinke da magagari a rana kamar mai shanyar kuɓewa. Labari ya riga ya kai masa, kamar yadda ya kai wa duk unguwa. Bai ɗaga kai ba, ya dai ce wa akuyar da ke kiwo gabansa:

"Mai nema shi ke sallama."

Illo ya dubi gajimare ya ce masa:

"Tun da aka kafa duniya ƙarami ke zuwa wurin babba."

Kowa da gaskiyarsa, kuma duka biyun a gidan Ɗan Baba suka koye su. Haka wunin ya ƙare.

Inna kuwa tun safe ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai duhu na zuwa unguwa, ta zauna bakin ɗaki da ƙunshi bisa cinya: kuka, daddawa, sabulu, da ɗan turaren da ta ce Isma'ila na so tun yana saurayi. Haka ta wuni, haka ta wayi gari.

Da hantsin rana ta biyu aka sake bugowa. Kawu ya daina karɓar kunu, ya kuma tambaya ko an gaya wa Zahara'u. Illo ya daɗe bai ji an kira sunan Inna haka gatsau ba. Ya je ya durƙusa gabanta.

"Inna, don girman Allah ki janye maganarki. Ki ce wa Salim ya taɓa. Aikin da bai kai dafa shayi ba. Yanzu in aka sa, da rana tsaka kina gabansa."

Ta gyara ƙunshin bisa cinyarta. Illo ya ga kamar za ta yarda.

"Naka ɗan'uwa yana bayan katanga," in ji ta daga ƙarshe. "Nawa yana bayan gulbi. In na tafi na bar ku haka, wata rana kai za a ɗaure a bayan babur, kana sauri ba ka isa ba. Na san abin da nake faɗi."

"In kuma ya cika fa?"

"Isma'ila ba ya faɗuwa da iska ɗaya. Taurin kansa ya fi naka. Ya jira ni shekarun nan duka, zai jira wuni guda."

Illo ya tashi, zuciyarsa kamar an zuba barkono. Ya kai har bakin zaure da niyyar ya taka zuwa ƙofar ƙanensa. Sai ya ji Zakari na fito a hankali, yana goge kile da gefen riga, ƙafar Illo ta ƙi ɗaguwa. Ya koma ya zauna.

Bayan azahar Tani ta iso daga bakin tafki, tana warin man suya, awartaki soke a ƙugu kamar wuƙar mahauci. Ba ta yi wa kowa sallama ba.

"Tsofaffin banza guda biyu! Ga furfura ga jikoki, kuna gaba kamar 'yan mata a rijiya. Kifina na bari yana ruɓewa saboda ku."

Ta shiga zauren Illo, ta sauke babur daga ƙafarsa, ta turo shi waje tana nishi, ta tsayar da shi a bakin hanya daidai inda katangar ta ƙare. Gefe ɗaya na tayar na duban ƙofar Illo, ɗayan na duban ta Zakari.

"To ga shi. Nan ba gidan kowa ba ne, hanyar gwamnati ce. Ba wanda ya je wurin wani, ba wanda ya roƙi wani. Yaya Illo, ga gefenka. Yaya Zakari, ga naka. Wanda ya ƙi, in shiga in gaya wa Inna sunansa."

Ko da haka sai da aka ɓata lokaci bisa wa zai fara durƙusawa. Daga ƙarshe Tani ta tafa hannu, suka sauka tare, kowa na duban wani wuri. Mutane sun fara taruwa daga nesa, Malam Habila ya fito da kujerarsa.

Zakari ya ɗora ƙaramin kile bisa kan ƙarfen, ya zauna daram kamar jiya aka cire shi.

"Tani," in ji Illo, "ce wa na wancan gefe ya riƙe da kyau, ba cokali ba ne."

"Tani," in ji Zakari, "tambayi na wancan gefe, wa ya tauna notin nan haka? Kura ta shigo gari?"

"Ni ba salula ba ce. Ku yi aiki."

Illo ya danna da ƙarfinsa duka. Noti ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya saki. Abin da ya gagare shi wuni guda bai kai tsawon atishawa ba. Suka sassauta 'yan notin da ke jan taya baya, suka tura ta gaba, tsohuwar sarƙa ta yi laƙwas. Tani ta sa awartaki ta fizge ɗan maƙallin da ke kulle ta. Zakari ya maƙala bakin sabuwar a wutsiyar tsohuwar, Illo ya ja ta ɗaya gefen, tsohuwar ta jawo sabuwar ta ratsa da ita bisa haƙoran gaba, sannan ta zube ƙasa kamar mataccen maciji.

Sabuwar sarƙa kullum da saura take zuwa, sai an rage. Nan aka sake tsayawa. Illo ya sa yatsa a wata gaɓa, Zakari ya sa a ta gaba da ita.

"Tani, ce masa in aka yanke can ta yi gajarta, sai dai a yi wa akuya abin wuya da ita."

"Tani, ce masa in aka yanke nan, kafin Gabi tana share ƙasa."

Aka ja, aka ja, inuwar katanga na ƙara tsawo bisa hanya. Sai da Tani ta shiga ta riƙo hannun Inna ta fito da ita. Tsohuwar ta durƙusa, ta bi sarƙar da yatsu gaɓa-gaɓa, ta haɗa bakunan biyu bisa haƙoran baya, ta tsaya.

"Nan," in ji ta. Ba inda Illo ya nuna ba ne, ba kuma inda Zakari ya nuna ba.

Zakari ya goge kan ƙusar gaɓar da magagari har ta yi fari. Ya ɗora sarƙar bisa wani tsohon noti, ya kafa tsinken ƙarfe a kan ƙusar, ya riƙe shi da yatsu. Saura duka, guduma kuwa ta Illo ce.

Illo ya ɗaga ta. Sai a lokacin ya dubi hannun da ke ƙarƙashin gudumar. Rabon da ya gan shi kusa haka har ya manta. Hannun Ɗan Baba ne sak, da faɗin babban yatsa, da baƙin mai da ya zauna cikin tsagar fata. Yaushe Zakari ya tsufa haka? Shi a ransa har yanzu yaron nan ne da yake goyawa zuwa bakin tafki kallon tsuntsayen da ke sauka bayan damina. Zakari bai janye yatsa ba, bai kuma ɗaga ido ba, amma Illo ya ga ya danne numfashi. Wata magana ta taso masa har maƙogwaro, gajeriya, wadda ba ta fi sunan mutum ba. Ya ji idon unguwa a bayansa, ya ji Malam Habila ya gyara zama. Ya haɗiye ta, ya sauke guduma daidai kan tsinke. Ƙusa ta fita ta faɗa cikin rairayi.

Suka haɗa bakunan sarƙar. Tani ta ɗauko ɗan maƙallin, mai kai a rufe da wutsiya a tsage, tana juya shi ta rasa ta ina zai shiga.

"Kifi kansa gaba!" suka ce su biyun a tare, da muryar ubansu, don haka yake koya wa kowa: rufaffen kan ya dubi inda sarƙa ke tafiya, in ba haka ba ta tuɓe shi a hanya.

Mutane suka kwashe da dariya. Su kuwa suka sunkuyar da kai, kamar an kama su suna sata.

Aka ja taya baya, Illo ya taɓa sarƙa ya ji tana da ɗan wasa kamar kaurin yatsa biyu, aka ɗaure noti, aka ɗiga baƙin mai. Inna ta juya tayar da hannu, ta saurara, ta gyaɗa kai. Daidai nan ladan ya kira la'asar.

"To," in ji Inna, tana fuskantar tsakaninsu. "Ku gaisa."

Zakari ya goge kile da tsinke da magagari ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su cikin tabarmarsa.

"Tani, ce wa Inna Allah ya kiyaye hanya."

Ya shige ya ja ƙyaure. Illo ma bai miƙa hannu ba, ya duƙa yana neman wani abu da bai faɗi ba. Malam Habila dai ya ce ai an fara, gobe ma rana ce, itace ba ya faɗuwa da sara ɗaya.

Illo ya ce su kama hanya yanzu, ko me zai faru ya faru. Dattawan da ke wurin suka ce ba da tsohuwa a baya ba, ba kuma a wannan hanya ba. Inna ta tsaya riƙe da ƙunshinta, fuskarta na duban inda ƙyauren Zakari ya yi ƙara.

"Da safe," in ji ta.

Ana sallame asuba Tani ta ɗaure ta a bayan Illo da zane biyu. Ba ta fi nauyin damin kara ba. Suka fita gari, tafki na hayaƙi a gefensu, gero ya kai kafaɗa dama da hagu. Babur na tafiya sumul. A bayansa Illo na jin Inna tana magana ƙasa-ƙasa, tana gwada yadda za ta fara. Ta ce "Yaya Isma'ila," ta tsaya. Ta ce "Yaya, ni ce," ta sake tsayawa. Bayan sun wuce Gabi hanya ta koma taɓo, sai ya ji salula na motsi cikin aljihunsa. Ta yi ta daina, ta sake yi. Hannunsa biyu na riƙe da kan babur, bai tsaya ba.

Suna shiga ƙauyen Inna ta ɗaga kai daga bayansa.

"Mi ya sa ban ji daka ba? Gari da hantsi ba turmi?"

Illo ya riga ya gani. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Kawu. Daga gabas maza na tahowa a jere, taɓo har gwiwa, wasu da fartanya a kafaɗa, biyu na ɗauke da makara ba kowa a kai. Ya kashe babur. Bai san yadda ake faɗin irin wannan ga wadda ke ɗaure a bayan mutum ba.

"Kwance ni," in ji Inna.

Matar Kawu ta fito ta kama hannunta ta shiga da ita, Illo na biye. Cikin dare ya cika, in ji ta, ba wahala. Jiya dai tun azahar har la'asar, duk babur ɗin da ya gifta sai ya ce a leƙa ko Zahara'u ce.

"Ya bar wata magana?" in ji Inna.

"Ya ce a shimfiɗa miki tabarma nan kusa da gadonsa. Ga ta nan, ba a naɗe ba. Daga wannan bai ƙara cewa komi ba."

Inna ta laluba ta zauna bisa tabarmar. Ta miƙa hannu ta taɓa gadon, an riga an yaye shimfiɗa, sai karan kawai. Ba ta yi kuka ba. Illo na tsaye bakin ƙofa, maganganu biyu na kokawa a bakinsa, ɗaya ta ce ke kika jawo, ɗaya ta ce ni na jawo. Ba wadda ta fito.

"Koma gida tun da rana," in ji ta, ba ta juyo ba. "Bayan sadakar bakwai ka zo ka ɗauke ni."

Ya zauna cikin maza aka yi addu'a, ya karɓi gaisuwa, ya kama hanya shi kaɗai, zanen ɗauri biyu naɗe a bayan babur.

Kafin la'asar ya shigo unguwa. Zakari na zaune a ƙofarsa, salula a gefe, idanunsa jajur. Da aka rasa Illo shi aka bugo wa. Tani na tsugune a ƙarshen katanga, ta lulluɓe kai. Illo ya tsayar da babur a tasa ƙofar, ya sauka, ya zauna bisa dakali. Tsakaninsa da ƙanensa bai fi tsawon tabarma ba. Ba wanda ya yi wa wani gaisuwar rashin kawunsu.

Sai ga Malam Habila ya ɓullo daga lambu, inda ya wuni tun sassafe, fartanya a kafaɗa da damin zogale a hannu. Ya gan su zaune kusa da juna, fuskarsa ta washe.

"A'a, Illo, har ka juyo? Madalla da sabuwar sarƙa! To, tsohuwa dai ta tarar da ɗan'uwan nata, ko?"